Lauyan da ya san matata ba ta shan sukari

Madam Irmgard, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis, in ba haka ba zan yi abin da zan daɗe ina cizon yatsa.

Ni mai gyaran famfo ne a nan Osnabrück, shekarata sittin da ɗaya. Ni da matata Wiebke mun yanke shawarar sayen wani gida mai sassa uku, mu zuba 'yan haya, mu huta. Na duba gidan nan da kaina tun daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa har rufi: bututu lafiya, tukunyar ɗumama ruwa sabuwa, ba danshi ko ɗigo. Notari, jami'in da ake ƙulla cinikin gida a gabansa, ya aiko da takardar ciniki mu karanta kafin ranar sa hannu. Na ce mata shi ke nan, ai shi zai karanta mana komai da babbar murya, me za mu yi da lauya?

Ashe ta ɗauki takardar ta kai wa Eckhard ban sani ba. Eckhard ɗin nan shi ne wanda ta so ta aura kafin ni. Lauyoyi nawa ne a garin nan, amma sai shi! Da na matsa muka koma tare, sai ga shi da farin gashi a kwance luf, yana kiranta da sunan da ko ni ba na kiranta. Ya kawo kofi, ya miƙo mini sukari, ita bai miƙa mata ba. Shekara talatin da biyu, bai manta ba.

Wai ya gano a shafi na sha ɗaya cewa gwaggon mai gidan, wata Madam Niehaus, tana da haƙƙin zama a sashen ƙasa kyauta har ta mutu. Ni dai ban ji rabin bayaninsa ba, fuskar Wiebke nake kallo, tana ta gyaɗa masa kai. Ni ba ta taɓa gyaɗa mini kai haka a kan maganar bututu ba.

Kishi nake, na sani, ba sai an gaya mini ba. Raina yana ce mini kumbura maganar yake yi don ta riƙa zuwa ofishinsa. Ina so in sa hannu ranar Alhamis ya ga ban buƙace shi ba. Ita kuma ta ce ba za ta ɗauki alƙalami ba. Duk abin da muka tara ne a cikin gidan nan.

Mai famfo, Osnabrück

Malam mai famfo, kada ka sa hannu ranar Alhamis. Ka buga wa ofishin notari yau, a ɗaga ranar.

Notari ba naka ba ne, ba na mai sayarwa ba ne. Zai karanta, in ka tambaya ya yi bayani, amma ba aikinsa ba ne ya tsaya a bayanka ya ce cinikin bai yi maka ba. Wannan aikin lauyanka ne. Haƙƙin zama irin na Madam Niehaus, in yana rubuce a rajistar filaye, gidan yake bi, ba mai gidan ba. Sashe ɗaya cikin uku ke nan ba haya, ƙila shekara ashirin, in Allah ya ja kwananta. Ko dai a cire shi da yardarta, ko a rage farashi sosai, ko ku haƙura da gidan.

Wiebke ba ta kyauta ba da ta tafi ba ta gaya maka ba, kuma ka faɗa mata hakan a fili, sau ɗaya. In ganin Eckhard yana hana ka ji, ku nemi wani lauyan da bai san yadda kowa ke shan kofi ba. Ina kyautata zaton abin da ya faɗa za a maimaita maka.

Amma ka buɗe shafi na sha ɗaya ka karanta da idonka, sannan ka koma shafin farko. Eckhard ya riƙe maganar sukari shekara talatin da biyu. Sunan da ke kusa da na Wiebke a takardar da ta je karewa kuwa, naka ne.

Allah ya ba ku gidan da za ku huta a kansa, ya bar ku tare.

Irmgard