Kishik ɗin Mama ya bushe

Suhar, Oman
28 ga Janairu

Zuwa ga Yayana Nazih,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Rula da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ku da ciwon sanyin Montreal, ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Mu nan lafiya lau muke. Maigidana Wafiƙ yana nan da aikinsa a tashar jiragen ruwa, ya fita da sassafe ya dawo yana warin gishiri. Maisa ta shiga aji huɗu, kuma ta fara mayar mini da magana da Larabcin mutanen nan, har sai na ce ta maimaita. Mama ma jikinta da sauƙi sosai, ƙugun ba ya damunta sai in ta daɗe a tsaye, tana shan maganinta ba sai an yi faɗa ba. Ita ce dalilin wannan takarda. Na san za ka ce me ya hana ni kira. Na kira sau uku, Yaya, kuma duk sau ukun ba ka bar ni na kai ƙarshen zancena ba. Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta, don haka ka nemi wuri ka zauna.

Ka tuna abin da muka yanke ni da kai bayan ta faɗi a matakalar gida a watan Mayu, wata biyu da rasuwar Baba: ba za ta ƙara kwana ita kaɗai a ƙauye ba, ni zan riƙe ta. Na ɗauko ta a Yuni, wato na sauke ta a tsakiyar wuta. Kai ba ka san bazarar nan ba. Ƙofa a rufe, labule a sake, ruwan famfo da zafinsa, in ka leƙa waje gilashin idonka ya yi hazo kafin ka taka sau biyu. Matar da ta yi rayuwarta a ƙarƙashin rumfar inabi tana gaisawa da duk wanda ya wuce, sai ga ta wata uku a kan kujera ɗaya, lulluɓe da mayafi saboda na'urar sanyi, tana kallon bangon maƙwabta. Kullum da safe sai ta tambaye ni wane wata muke ciki. Da farko na tsorata, na zaci mantuwa ce ta fara. Ashe ba mantuwa ba ce. Ta ce, “Ina zan sani? Ba ganye ya faɗi, ba tsuntsu ya wuce. Garin nan fuska ɗaya gare shi kamar mai gadin asibiti.” Takardar zamanta kuma ƙarshen Fabrairu za ta ƙare, sai ta je da kanta ta dangwala yatsa kafin a sabunta. Duk sanda na tayar da maganar sai ta ce, “Bari mu gani.”

Ranar uku ga Satumba na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar da ita a kicin, hannun riga a naɗe, ga babban baho a gabanta. Ta riga ta aiki Wafiƙ ya sayo barzajjiyar alkama da kindirmon akuya. Ta dube ni ta ce, “Satumba ta shigo, ko a nan ma ba a gaya muku ba? Kishik zan yi.” Kishik ɗinmu na gida, garin alkama da kindirmo da ake busarwa a ajiye don hunturu! Wallahi daɗi ya kama ni har na rasa inda zan ajiye jakata. Kwana tara tana cuɗa shi kowace safiya, tana ƙara kindirmo da gishiri, tana ɗanɗanawa da ɗan yatsa, gidan duk ya ɗauki tsamin nan da ka sani. A nan ne ma na gane ta zo da rariyar kakarmu a ƙasan akwati, ita ce ta sa ta bar rigar sanyinta a gida don babu wuri. Ranar goma muka hau da shi saman soro, muka shimfiɗa farin zane, muka gutsuttsura muka baza. Shekarata shida a garin nan, na sani sarai a Satumba wanki yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba saboda laimar teku. Amma ban gargaɗe ta ba, don ko a raina bai zo ba. Ni ma 'yar yankinmu na Biƙa ce, a kaina ranar Satumba ta kishik ce, shi ke nan. Kwana uku ya yi fumfuna, kore shar. Ta ce kindirmon ne na banza, ta sake. Ya sake lalacewa, ta ce alkamar ce tsohuwa. A karo na uku ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ta wanke bahonta ta kife, ta shiga ɗaki ta kwanta da rana tsaka. Wannan kwanciya ta fi faɗuwar matakala tayar mini da hankali.

Warin ne ya jawo mana Zuwaina, maƙwabciyarmu, 'yar ƙasa ce, sa'ar Mama, bakinta kuma ba ya da linzami. Ta hau soron tana toshe hanci ta ce, “Ummu Nazih, wa ya mutu a saman nan ba a gaya mana ba?” Mama ta ce, “Ranarku ce ta mutu. Zafi kamar gaske, amma ko hankici ba ta iya busarwa.” Zuwaina ta yi dariya har da riƙe bango, ta ce ranarsu lafiyarta ƙalau, Mama ce ta zo mata a lokacin da ba nata ba. Ta ce a jira Janairu in iskar arewa ta taso, kuma ba a bakin teku ba, a ƙauyen ƙanwarta da ke bayan duwatsu, inda suke shanya lemun tsami. Mama ta harare ta ta ce, “Tanadin hunturu a tsakiyar hunturu? A ci yaushe, ranar tashin ƙiyama?” Zuwaina ta ce, “Ke, ku me yake kulle ku a ɗaki? Ƙanƙara. Mu zafi ne. Ba ki ga wata uku ko kyanwa ba ta fita ba? Shi ne hunturunmu, da gumi kawai yake zuwa. Yanzu ne za mu fito mu sha iska.” Bayan Zuwaina ta sauka Mama ta ce da ni matar nan ba ta da kunya, amma da alama tana da kai.

Daga nan sai ta sauya. Da zafi ya fara sauka a Oktoba ta soma fita da yamma, ta je gidan Zuwaina su sha gahawa da dabino suna musu a kan wa ya fi iya dafa shinkafa. Kowace safiya ta buɗe taga ta miƙa hannu waje ta ji iska. Ta daina tambayar wata, ita ce ma take gaya mana saura kwana nawa Janairu. A lokacin ne na kira ka na ce Mama ta saba, ka ce, “Ban gaya miki ba?” kamar kai ka yi aikin. Ni kuwa da na ce ta saba, ni ce ban saba ba. A Disamba na gasa masara a tanda na kunna na'urar sanyi har ƙarshe don mu ji kamar muna gida, Maisa ta dube ni ta ce lafiyarki kuwa. Shekara shida ko hoto ban rataya a gidan nan ba, kullum ina cewa baɗi za mu tafi, me zai sa in ɓata bangon mutane. Kai kana da hunturu ba ka da tanadi, ni kuma ga tanadi babu hunturu, ban san wanda ya fi wani ba.

Ranar sha biyu ga wannan wata ni da kaina na tuƙa su zuwa ƙauyen, baho a bayan mota, Mama na riƙe da rariya a cinya, Zuwaina na koya mini tuƙi daga kujerar baya ko lasisi ba ta da shi. Iskar can busasshiya ce har leɓe yana tsagewa. Muka baza a soron ƙanwarta. Kwana huɗu, Yaya, ya bushe ƙayau! Matan unguwa suka taru suka zauna kewaye da zanen suna murzawa da tafin hannu yadda Mama ta nuna musu, ita kuma tana tsakiya tana tankaɗe tana yi musu faɗa kamar ta haife su. Garin ya fito fari sol mai ɗan rawaya, irin na da. Ta dafa mana da tafarnuwa da soyayyen nama. Zuwaina ta kai cokali ɗaya ta yamutsa fuska ta ce, “Tsami kamar bakin mai shi,” sannan ta miƙa kwano a ƙara mata. Ni ban iya ci ba, kuka ya hana ni. Na ce a raina shi ke nan, ta samu abin da zai zaunar da ita, muna komawa zan kai ta ta dangwala yatsa.

Washegarin dawowarmu, bayan karin kumallo, ta zuba kishik ɗin a jakunkunan ƙyalle uku. Ta ce wannan na Nazih, wannan naki. Na ce na ukun na Zuwaina ne? Ta ce ta riga ta ba ta nata. Ta ɗauki na ukun, wanda ya fi girma, ta saka a akwatinta, ta ce in nemo mata tikiti. Na zaci wasa take yi. Ta ce, “Kin zaci don me nake ta wahala tun Satumba? Watan Maris ubanki zai cika shekara, gari zai taru a gidana. In ciyar da su da me? Shekara arba'in da bakwai ban taɓa shiga hunturu ɗakin ajiyata wayam ba. In koma hannu rabbana, gwaggonki Hiyam ta aiko mini da kwano ɗaya na nata mai gishiri kamar teku, ta zaga gari tana cewa ita ta rufa wa matar wanta asiri? Da haka gara in mutu a kan kujerar nan.” Ashe lalacewarsa ce ta riƙe ta a nan duk watannin nan, ni kuma na sa man mota na kai ta inda zai bushe. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce matakalar fa, ƙugun fa, ƙanƙarar Fabrairu fa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Matakala sau ɗaya ta kayar da ni a shekara arba'in da bakwai. Nan kullum nake faɗuwa, ba ki gani ba ne don a zaune nake.”

To ga inda muke. Na sayi tikitin sha biyu ga Fabrairu, na ɗauki hutun mako biyu, ni zan kai ta. Ban ce na yi daidai ba. Tun ranar ba na iya zama wuri ɗaya, in kama aiki in sake, jiya ma darasin da na riga na koyar na sake koyarwa, yara suna ta kallona. Wani lokaci in ji kamar in yaga tikitin. Amma na ga yadda take a kan kujerar nan a Yuli, na kuma ga yadda take a soron can, kai ba ka ga ko ɗaya ba. Don Allah kada ka kira ta ka yi mata ihu, kashe wayar za ta yi ta ce layi ne ya yanke. Abin da nake so ka yi shi ne ka kira Gwaggo Hiyam, tunda kai kaɗai take jin maganarka, ka roƙe ta ta bar 'yarta Siham ta riƙa kwana wurin Mama. Ni zan sauko da gadonta ɗakin ƙasa, in sa a kafa ƙarfen dafawa a matakala. Kuma ka zo a Maris. Kada ka ce mini aiki, ni ma ba a bakin titi nake zaune ba.

Jiya ina haɗa mata kaya na saka rariyar a akwati. Ta fitar da ita, ta ce da Wafiƙ ya kawo ƙusa da guduma. Ta zaɓi wuri a bangon kicin kusa da taga, ta tsaya a kansa har ya kafa, ta rataye ta da hannunta. Na ce da me za ki yi tankaɗe a gida? Ta ce za ta ari ta Hiyam, ko ba komai sun sami abin yin faɗa. Sannan ta ce, “Ke ce mai zama, ba ni ba. Yanzu kin san lokacinsa, Janairu ne. Ki daina zama a gidanki kamar mai jiran mota.” Ƙusa ta farko ke nan da ta shiga bangon gidan nan. Yau na shiga kicin ya fi sau goma ba abin da na je ɗauka.

Jakarka tana tare da wannan takarda a hannun abokin aikin Wafiƙ. Mama ta ce kada Rula ta saka a firji, a zuba a kwalba a rufe. Ka gaishe ta da kyau, ka sumbaci Ziyad da Dima, ka ce kakarsu ta ce su ci ko suna so ko ba sa so. Wafiƙ da Maisa suna gaishe ku, Zuwaina ma ta ce a gaida ɗan nan da ake kiran uwarsa da sunansa amma ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Allah ya haɗa fuskokinmu a ƙarƙashin rumfar inabi. Ka ci naka a hankali, Yaya, domin na baɗi daga hannuna zai fito, kuma ban yi maka alkawarin zai kai nata ba.

Ƙanwarka,
Nuhad