Igiyar da Na Tufka Maka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Idi.

Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin rahamar Allah a inda kake, tunda mu dai bahar, tekun nan, ba ta dawo mana da ko hularka ba. Na ɗauki alƙalami ne in gaya maka Sale ya kwanta, ciwo ya cinye shi, har ya aiko neman yafiya.

Salen dai naka, wanda kuka taso tare a Mai Wurno, can bakin kogin Nilu, kuka ƙetaro Jidda a jirgi ɗaya. Matarsa ce ta same ni nan unguwarmu Sa'alaba jiya da hantsi, da kwanon dabino, tana "samihi ya Saude, ki yafe masa, halas, abin ya wuce." Na ba ta ruwa ta sha, na mayar mata da dabinonta.

Kun zo garin nan kuna taƙamar ku 'yan bakin kogi ne, kun iya ruwa tun kuna yara. Tsofaffin masunta suka ce muku bahar ba Nilu ba ce. Sai ta yi lif, mutum ya saki jiki, sannan ta taso ta share shi daga kan dutse, ta cusa shi ƙarƙashin duwatsun murjani. Shi ya sa ba a hawa dutsen bakin zurfi mutum ɗaya. Mai jefa fatsa ya ɗaura igiya a ƙugu, abokinsa ya tsaya baya ya riƙe, idonsa a kan ruwa. Mai riƙo ba ya taɓa kifi sai an yi canji.

Ni na tufka maka taka igiyar, na saƙa jan ƙyallen tsohon mayafin Inna a bakunanta biyu. Ka yi ta tsokanata wai na yi maka talala kamar bunsuru.

Ranar da iskar arewa ta taso na roƙe ka kada ka je. Ka ce a irin wannan ruwan ne manyan kifayen hamur ke matsowa gindin dutse. Kana fita ka waiwayo ka ce, "Ɗora man suya, Saude, yanzu zan dawo." Na ɗora.

Bayan la'asar Sale ya shigo yana rusa kuka, wai raƙumin ruwa ya ɗauke ka, igiya ta tsinke a kaifin dutse. Har haƙuri aka dinga ba shi. Ni kuwa na yi kwanaki ina tsine wa hannuna, ina ganin tufkata ce ta kashe ka.

Bayan an tashi makoki na je cefane kasuwar Bab Makka. A rumfar wani mai soya kifi na hango igiyata rataye a ƙusa, lafiya ƙalau, jan ƙyallen nan a duka bakunan. Mai rumfar ya ce Sale ne ya kawo masa wani ƙaton hamur ɗaure da ita, da azahar ɗin ranar iskar nan.

Da azahar, Yaya. Wato igiyar ba ta ƙugunka lokacin da ruwan ya zo, tana bakin kifi. Na san halinka, ba ka iya ce wa Sale a'a ba, in ya ce kwanto mu ɗaure shi kada ya kuɓuce, za ka kwance ka koma bakin dutse. Kuma sai da ya kai kifin kasuwa kafin ya kawo mana labarinka.

Na kai igiyar gaban dattawan unguwa. Suka ce ƙaddara ce, mu baƙi ne, rabinmu ba iƙama, takardar izinin zama, kada in jawo mana askar, 'yan sandan garin. Na naɗe igiyata na dawo gida, amma ban huce ba. Inna ta baro ƙasarta don a rufe mu duka a wannan ƙasa, sai ga ɗanta ba kabari. Ta rasu tana tambayar ko ruwa ya fito da kai.

Yanzu ana ta cike bakin bahar ana shimfiɗa kwalta, ko dutsen naku ban ƙara ganewa ba. Igiyar kuwa tana ƙasan akwatina.

Gobe zan je gidansa. Zan jira 'ya'yansa su taru a kansa, in warware ta su ga ba ta tsinke ba, in danƙa masa baki ɗaya a hannu in ce ya riƙe. Ina so ya ji nauyinta. Yafiyar da yake nema ba tawa ba ce, taka ce, ya tafi ya same ka ya roƙa.

Na san da kana nan cewa za ka yi in bari. Kullum kai ne mai sanyin zuciya a cikinmu, ka duba inda ta kai ka. Ina kewarka, Yayana. Har yau ba na iya soya kifi.

Allah ya karɓi shahadarka, ya haɗa ka da Inna a Aljanna. Sale kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ja masa numfashi zuwa gobe, ya bar masa hankalinsa har ya gane jan ƙyallen.

Wassalam, ƙanwarka da ta tufka igiyar,
Saude