Amsar Tambayarka Kan Man da Ke Ƙarƙashin Gona

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Daga Kuala Lumpur nake rubuto maka, inda nake karatun dokokin man fetur. Ina zaune a wani shagon shayi a unguwar Kampung Baru, ruwan la'asar ya hana ni komawa masauki.

Ka tuna shekarar da masu neman mai suka shigo gonarmu? Dawa ta fara fitar da kai. Suka kafa turaku, suka keta hanya ta tsakiyarta. Ka bi su har bakin mota da fartanya a kafaɗa, kana cewa, "Ni tambaya ɗaya gare ni. In an samu, na wane ne?" Babu wanda ya tsaya ya amsa maka. Ka dawo gida ka kasa cin tuwo.

Yanzu na san amsar, Baba, kuma ba mai daɗi ba ce. A dokar ƙasarmu abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Nan ma haka yake. Amma noman saman haƙƙinka ne. Dawar da suka tattake, ɗorawar da suka sare, duk akwai diyyarsu, kuma ya kamata a nemi jin ta bakinka kafin a shiga. Ranar da malaminmu ya yi wannan bayani, sai da na fita daga aji na share hawaye.

A watan jiya Yaya Sani ya kira ni. Masu neman man sun dawo, wani dillali kuma yana zagaya gari yana cewa kowa ya sayar da gonarsa kafin gwamnati ta ƙwace. Yaya ya tsorata, har ya sa ranar ciniki. Na roƙe shi ya dakata. Na ce su tara maƙwabta su zauna da kamfanin man, a ba da hayar gefen da ake buƙata na shekarun da aka yarda, a rubuta cewa za a gyara ƙasar a mayar.

Ya saurare ni, Baba. Ni da yake kora daga hira saboda ƙanƙanta.

Ba a sayar ba. Inna ta ce bana wake ya yi kyau a gefen rafi, ta kuma ajiye mini nawa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya sada mu a Aljanna.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza