Ƙwayar da na ba Khaula

Tungan Maje, Abuja

Zuwa ga ƙanwata Zuhra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya ke da maigidanki, Allah Ya sauke ki lafiya. Mu nan sai godiya, duk da tun rasuwar Khaula matar Yaya Maude gidan ya ƙi daɗi.

Kin ce in aiko miki da irin ƙwayar tazarar haihuwar da nake sha, ki fara da zarar kin haihu. Ba zan aiko ba, kuma dalilin ya fi ƙarfin waya. An gaya muku ciwon jego ne ya kashe Khaula. Zuhra, da hannuna a ciki. Sati biyu da haihuwarta ta same ni tana kuka, wai tana tsoron kwanika, ga wan jaririyar ma bai gama tsayuwa ba. Ni kuwa, uwar iyayi, asibiti sukan ba ni ta wata uku, sai na ɓallo mata fakiti ɗaya. Na san ta yi hawan jini da cikin, ban kawo komai a raina ba. Da ƙafarta ta kumbura muka ce sanyi ne, muka yi ta gasawa da ruwan zafi muna murzawa. Ran Talata numfashi ya gagare ta, muka kwashe ta sai asibitin Gwagwalada.

Wata nas, Perpetual, ta ga fakitin a jakarta, ta ja ni gefe. Ta ce, “Madam, wa ya ba ta wannan? Ba a duba BP ba?” Ta ce wannan mai haɗin sinadari biyu ce, ba a ba sabuwar maijego ko mai hawan jini, don tana iya daskarar da jini a jijiya ya wuce zuwa huhu. Akwai wata daban ta masu shayarwa. Kafin la'asar Khaula ta cika.

Don Allah in kin haihu ki je asibiti da ƙafarki, a auna ki, su zaɓa miki. Kada ki karɓa a hannun kowa, ko ni.

Ki gaida Inna da Ɗangoggo. Yaya Maude yana gaishe ki. Jaririyar tana hannuna, kullum sai ya shigo ya sa mini albarka, ya ce ba shi da kamata. Har yau na kasa gaya masa.

Yayarki,
Fadimatu