Ladidi Ba Ta Waiwayo Ba

Gwaggo mai filin shawara, ki taimake ni, amma bari in fara jan kunnen iyaye mata masu karatu. Duk wadda rediyo ke kuka a gidanta daga asuba, talabijin ya karɓa da yamma, kada ta rantse ta san 'ya'yanta.

Ni na yi sakandare, kuma ba na wasa da tarbiyya. Mijina ma'aikaci ne a wajen gurzar auduga nan Funtuwa. Shi ya kawo mana talabijin irin mai ƙofar katako da makulli, da rakoda mai cin kaset. Tun daga nan gidan ya koma tasha, magana sai da ihu. Autata Ladidi, mai shekara takwas, ita ta fi kowa lalacewa a ganina. Hancinta kamar zai taɓa gilashin, in ka kira ta sai ka gaji, malaminsu kuma ya ce ba ta sauraro a aji.

Wata Asabar a tsakiyar damina raina ya ɓaci. Na kulle talabijin, na ƙulle makullin a bakin zanena, na zare batir ɗin rediyo, na tasa yaran zuwa gonar yayana Sada a wajen Danja. Horo na yi nufi. Suna ta kumbura baki a mota.

Gwaggo, ban san na manta da duniya ba sai ranar. Dawa ta fi mutum tsawo, kore shar har inda ido ya tsaya. Muka zauna gindin ɗorawa, Sada na gasa mana masara. Da farko shirun ya dame ni. Can sai kunnena ya buɗe: kurciya, zuma a cikin amya saman kanmu, ƙararrawar keke daga wata hanya da ba ma gani. Yaran suka watsu, suka jiƙe a fadama, suka sha rake har haɓa. Ladidi kuwa ita ke gano abin da ya wuce mu duka. Ta nuna mini hawainiya a reshen da na daɗe ina kallo ban gan ta ba. Ta ja ni in ga tururuwa na kwashe ƙwai suna hawa tudu.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, rana na haska shi ta gefe. Sai muka ji ruwan tun bai iso ba, yana tafe a kan ganyen dawa kamar jirgin ƙasa zai shigo gari. Na kama tasbihi. Kowa ya juya yana kallo, har akuyar Sada. Ladidi kaɗai ba ta waiwayo ba, tana tsugune wajen tururuwarta. Na kira ta daga baya da ƙarfi, shiru. Da aka yi tsawa sai ta dafa ƙasa da tafin hannu tana dariya, wai ƙasa na rawa. Na zagaya gabanta na ambaci sunanta a hankali. Ta amsa nan take, idonta a kan leɓena. Ruwa ya sauko mana. Ashe tun baƙon dauron da ta yi bara waccan kunnenta ya yi nauyi, ihun gidanmu ne ya rufe abin.

Ga damuwata. Mijina ya ce kada in kai ta asibiti, kada a ji a unguwa a laƙaba mata kurma, sunan ya bi ta har girma. Ya ce ni ce mai neman magana, kuma na hana shi jin labarai a gidansa. Ni dai na riga na kafa doka: kowace Asabar ba abin da za a kunna a gidan nan daga asuba zuwa isha, kuma kowa zai fita ya ga ikon Allah, mai so da marar so.

Uwar Ladidi, Funtuwa.

Uwar Ladidi, sannu da ƙoƙari. Allah Ya nuna miki abu babba a wannan gona, kuma kin yi sa'a kin gani da wuri.

Maganar asibiti ba ta jira. Wani nauyin kunnen yana jin magani in an tare shi, wani kuma ana samun dabarar zama da shi, likita ne zai bambance. Kafin nan, a daina yi mata magana daga baya, a roƙi malaminta ya dawo da ita layin gaba.

Amma kada ki ɗauki maigidanki abokin gaba. Tsoronsa na gaskiya ne, bakin mutane ba daɗi. Abin da bai lura ba shi ne, yarinyar ta riga ta samu suna a makaranta, ana ce mata marar ji, kuma wannan ya fi ciwo domin laifi ake ɗora mata.

Dokarki tana da kyau, sai dai kin ɗaure ta tamau. Ki bar masa labaransa na safe, minti kaɗan ne. Ki daina kiran fitar horo, ki soya musu wani abu su riƙa ɗokinta. Sauran ranaku kuma kada ki kori Ladidi daga gaban talabijin, da ido take samun rabonta.

Kada ki yi gardama da shi a ɗaki. Ki lallashe shi ya bi ku gona Asabar mai zuwa, inda ba hayaniya, ya tsaya bayan 'yarsa ya kira ta da bakinsa. Ina kyautata zaton shi zai nemo motar asibiti.

Allah Ya ba Ladidi lafiya, Ya sanyaya zukatanku ku duka.

Gwaggo