Zuwa ga Inna, Wadda Aka Yi wa Ta'aziyyata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, jikokina sun dame ni da tambayar yadda gidanmu ya zama masaukin masu jinya. Na ga gara in faɗa a gabanki, su saurara.

Tun kafin Turawa su san da ke, matan cikin garin Sakkwato sun san ki. Ba a biki a watse ba ki yi wasa ba. Ki naɗa zane a ka ki zama alƙali, ki tura ciki ki zama ɗan doka, ki kama hanci ki zama Bature mai tambayar hanya. Mata su yi ta dariya har su riƙe ciki. Wanki, Kawu Malam, bai taɓa son abin ba, amma tunda tsakanin mata ne sai ya kau da kai.

Bayan rasuwar Baba ne Turawa masu majigi suka zo neman macen da za ta fito a fim na gargaɗi kan cutar agana. Kowa ta ƙi, ke kika yarda. Kika fito a uwar da ta ɓoye 'yarta a rumbu don kada a yi mata lambar rigakafi, ciwo ya kama yarinyar ta mutu. Ni ce yarinyar. Na tuna an ɗiɗɗiga mini jar ƙasa a fuska, aka ce in kwanta kada in motsa. Da kika fasa kuka, sai da na buɗe ido don in tabbatar wasa ne.

Da aka nuna majigin, Kawu ya aiko cewa kin kai fuskar gidan malamai bainar jama'a. Ya daina shigowa, ya hana iyalinsa zuwa. Na ga kin daina bin layinsu in za ki kasuwa.

Motar majigi ta zaga ƙauyuka. Wata rana da hantsi ina daka gero, sai ga wata mata da goyo, ƙafafunta duk ƙura. Ta durƙusa ta yi miki ta'aziyya, ta ce tun da ta ga rasuwar 'yarki ba ta sami sukuni ba. Kika nuna ni da taɓarya a hannu. Matar ta yi salati, ta zo ta shafa fuskata tana neman tabo.

Sannan ta sauke goyonta. Yaron ya kumbura, numfashi da ƙyar. A zatonta wadda ta sha irin wannan wuya ta san magani. Kika ce, "Ɗiyata, ni ban san magani ba, amma na san hanyar likita. Tashi mu tahi." A ɗakinki ta zauna har yaron ya warke.

Ita ta kai labari gida. Kafin damina ta zagayo, duk matar ƙauye da ta kawo mara lafiya asibiti gidanmu take tambaya. Muka koma ɗaki ɗaya ni da ke, sauran na baƙi.

Ribar goron da kike sayarwa ba ta isa ciyar da su ba, sai kika koma wasa da sabon sharaɗi. Matan attajirai da na manyan ma'aikatan En'e suna gayyatarki biki, ki sa su dariya, in sun miƙo turmin atamfa ki mayar. "Ba ni son tuhwahi, gero nika so da tabarmi." Kunyar juna ta sa suka shiga gasa. Da haka kika gina ɗakunan baya, kika haƙa rijiya, har kika zama wadda ake shimfiɗa wa darduma a gidajen da a da ake sallamarki daga zaure.

Shekarar da agana ta shigo gari da gaske, matan unguwa suka ce ba za a yi wa 'ya'yansu lamba ba sai a gidanki. Ina tsaye a ƙofa Kawu ya iso riƙe da jikokinsa, gemunsa ya yi fari. Ya ce, "An ce nan aka lamba." Kika amsa daga ciki da muryarsa sak, har da gyaran muryar da yake yi kafin wa'azi. Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Ranar a gidanmu ya sha fura.

Da ciwon ajali ya kama ki, wasiyya ɗaya kika bar mini: kada a tashi baƙo ko ɗaya don zaman makokinki. Haka aka yi, Inna. A gidan maƙwabta muka karɓi gaisuwa, gidanki kuwa aka dama kunun masu jinya da safe kamar kullum.

Har yau ana damawa. Ƙafafuna sun gaza, jikata takwararki ce ke riƙe da tukunyar.

Allah Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sauke ki a masaukin da ba a tashin baƙo. Amin.

'Yarki,
Kulu