Tukunyar Inna

Fagge, Kano
4 ga Maris

Ƙawata Bridget,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da Kenechukwu da yara. Na gode da ta'aziyyar Inna. Rubutowa na yi don in na kira ki a waya ihu zan yi.

Kin tuna baƙar tukunyar da Inna ke ajiye uwar ƙullun gurasa, wadda ta gada wurin kakarmu? Ran sadakar uku, matan unguwa suka shiga madafa taya mu aiki. Wata mai tsafta ta buɗe, ta ji tsami, ta juye a kwata, ta dirje tukunyar da toka har tana ƙyalli. Shekara sittin, Bridget! Kuma dole na ce mata Allah ya saka da alheri.

Baba bai san karin kumallo ba sai gurasar Inna. Tun rasuwar, shayi kawai yake kurɓa. Na sayo ta kasuwa, ya sansana ya ture. Rigarsa har ta yi masa yawa.

Na haɗa sabon ƙullu. Kwana biyu ya yi kumfa, na uku ya kwanta, baƙin ruwa ya taru a kai, yana wari kamar tsohon takalmi. Ni da na shekara ashirin ina koyar da kimiyya, gari da ruwa sun gagare ni. Yaya Abdulƙahhar ya ce in zuba yis in huta. Shi da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba.

Na tuna Inna ta taɓa ɗibar miki a kwalba kuna Sabon Gari. In yana raye, ko cokali ɗaya ne ki ba direban mota daga Enugu.

Taki,
Lantana

Fagge, Kano
21 ga Maris

Bridget,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafar taki da kika ce tana ciwo ta yi sauƙi, wasiƙarki ta iso. Ashe a taga kika manta kwalbar ranar da kuka kwashe kaya, kika shekara tara kina ce wa Inna yana nan lafiya. Na yi kwana biyu ina zaginki a zuci. Daga baya na tuna ke kin roƙa an ba ki, ni da ke cikin gidan ban taɓa tambayarta yadda take yi ba. Ina ta karatu.

Na bi abin da kika ce kin gani a hannunta. Na bar ruwan famfo na koma na rijiya, na kai alkama inji da kaina, na lulluɓe tukunyar da zanenta. Kullum in zubar da rabi in ƙara gari. Ran na tara ya taso har murfi.

Jiya na hura tanderu na gasa gurasa. Baba ya gutsura, ya daɗe yana taunawa, ya ce ba ta Hajara ba ce. Shi ne karon farko da ya ambaci sunan Inna tun rasuwar. Ya juya ya fuskanci bango ya yi kukan da bai yi ba ran jana'iza. Da na dawo ɗaukar faranti, na tarar ya ci rabi.

Na yafe miki. Ki gaida mutan gida.

Taki har kullum,
Lantana